Zanen Nafosat-opa da Aka Goge

Duk wanda ya haɗa kwamfuta da hannunsa a garinmu Fargana, ƙarshen zamanin Sobiyet, ya sha shayi a ɗakin girkin Nafosat-opa, wato yaya Nafosat, don opa muke ce wa macen da ta girme mu. In wani ya ce maka shi bai sha ba, tambaye shi ko tasa na'urar ta taɓa kamawa. Ni sunana Tolib, gyaran layin tarho nake yi a lokacin, ƙofata na kallon tata a bene ɗaya, kuma ina cikin waɗanda suka fi shanye mata sukari. Yanzu furfura ta rufe ni, amma har gobe in na tuna abin da Hoshim Nazarovich ya yi wa matar nan sai in ji wuyana ya ɗau zafi. To amma kakata takan ce mai labarin da ya fara da zagi shi kaɗai ake bari a kan shimfiɗa, don haka bari in bi a hankali.

Nafosat 'yar Margilan ce. Kakarta ta wajen uwa ita ke zana wa matan unguwarsu fure a farin yadi kafin su bi da allura, kuma hannun nan ne ya tsallake uwar ya sauka a kan jika. Sai dai ita ba fure ta samu ba. Tun tana budurwa ta shiga ofishin da ke tsara magudanan ruwan gonakin auduga, aka zaunar da ita gaban allon zane, aka ba ta tawada da takardar nan mai shara-shara da muke kira kalka, wadda ake ɗorawa a kan zane a kwafe shi layi bayan layi. Tana kan kujerar nan ta yi aure, tana kanta mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, tana kanta ta aurar da 'yar zuwa Kokand. Gajeriya ce mai tabarau mai kauri, ɗan yatsanta na tsakiya kullum baƙi ƙirin da tawada. Bakinta kuwa, Allah ya tsare ka da shi ranar da ka ajiye kofi a kan takarda.

Wata mujallar masu haɗa rediyo da ke zuwa daga Mosko ce ta tayar mana da hauka. Ta riƙa buga tsarin wata kwamfuta da mutum zai iya haɗawa a gida, yanki-yanki, wata bayan wata. Ka jona ta da talabijin ɗin ɗakinka, ka ɗora mata aiki daga kaset. A kanti babu irinta ko ta magani. Samun mujallar ma kansa yaƙi ne. Ta ɗakin karatu na gari, kafin ka isa wani ɗan albarka ya riga ya sa reza ya yanke shafin tsakiya inda zanen yake. Injin kwafin takarda kuwa a bayan ƙofar ƙarfe yake a ma'aikatu, sai da sa hannun manya ake taɓa shi. Da ƙyar na samu wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ara mini nasa mujallun cikakku, bisa sharaɗin in mayar masa kafin jirginsa ya koma Tashkent. Na zauna zan kwafa, na ga layuka sun fi saƙar gizo-gizo, sai na tattara na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.

Ta ɗaga shafin har kusa da hancinta. Ta ce, "Wannan kuma gonar wa ce? Ta ina ruwan ke shiga?"

Na ce, "Ba ruwa ba ne, opa, lantarki ne."

"Duk jirgi ɗaya ne. Wanda ya zana shi dai ba a dake shi yana yaro ba, dubi yadda layi ke hawa kan layi." Ta ture ni da gwiwar hannu. "Matsa, kana tare mini haske."

Kafin jirgin ya tashi ta haɗe yankunan nan duka a kan babban fallen kalka guda, faɗin teburin cin abincinta. Shi muke kira uwa. Daga shi take fitar da shuɗin kwafi a injin zane na ofishinsu, tana cusa shi a tsakanin zanen magudanai, ta fito da shi a ƙasan jakar cefane, albasa a sama. Wanda ya zo ta ba shi, ba ta tambayar ɗan gidan wa ne.

Nan muka gano cewa samun zane ba shi ne samun kwamfuta ba. Akwai kuskuren bugu a wurare. Ga kuma ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa da ake dasawa a kan allon tagulla, mu kyankyasai muke ce musu, waɗanda ake samu a Mosko ba su ne ke isowa kasuwarmu ba. Sai ka sa ɗan'uwan wanda aka rubuta, shi kuma ya ce sai an karkata masa waya. Mutum ya zana hanyoyin allonsa da jan farcen matarsa, ya jiƙa shi a ruwan asid, ya dasa kyankyasansa da dalma, ya kunna, talabijin ya nuna masa yayyafi. Ya yi wata yana nema kafin ya gane inda gizo ke saƙa.

Sai Nafosat-opa ta kafa doka. Ta ce a garinsu kwanon da maƙwabci ya aiko da abinci ba ya komawa wofi, to haka zanenta. Duk wanda ya karɓi kwafi, ranar da ya gano wani gyara sai ya dawo ya rubuta shi a jikin uwa, da fensir, ya sa sunansa a gefe. Da fensir fa, ba tawada ba. Dalilinta shi ne gyaran yau kan zama kuskuren gobe, in wani ya zo da wanda ya fi shi sai a ja wa na farko layi a rubuta sabo a ƙasa. Fensir kuwa ba ya fitowa a shuɗin kwafi, saboda haka dole sabon zuwa ya zauna a teburinta ya kwashe gyare-gyaren da hannunsa, ita tana zuba masa shayi tana zagin rubutunsa. Cikin 'yan shekaru fallen nan ya koma kamar fuskar tsohuwa. Kibiyoyi, da'irori, sunayen mutane, har da habaici. A wani gefe Gena Pak, injiniyan masaƙa, ɗan Koriyawan garinmu, ya rubuta cewa wanda ya yi gyaran da ke sama jaki ne. Wanda aka zaga ya dawo ya rubuta a ƙasa cewa jakin dai tasa ta kama.

Cuta ɗaya ce ta gagare mu duka. Ka zauna kana ɗora aiki daga kaset, yana ta kuka kamar akuyar da ake yanka, ka kusa gamawa, sai firjin gida ya yi gurnani ya tashi, kwamfuta ta manta komai tas. A sake daga farko. Gena ya yi ta fama da ita, ni ma haka. Wanda ya fi mu naci shi ne Ayder-aka, dattijo Batatare ɗan asalin Kirimiya, wanda aka kwaso iyayensa zuwa ƙasarmu yana goye. Aka a bakinmu yaya namiji ne, uka kuma ƙane. Na'urorin asibiti yake gyarawa. Mutum ne da za ka yi yini da shi bai yi maka jimla biyar ba.

Gena yakan tsokane shi. "Ayder-aka, ka kusa kama ɓarawon nan ko mu sayar da firjin?"

Shi kuwa ya kurɓi shayi ya ce, "Kai ka sayar da naka. Me ke cikinsa in ba kabeji mai barkono ba?"

Wata shekara da kaka ta zo aka kwashe mu zuwa tsinkar auduga kamar kowace shekara, ma'aikacin tarho da injiniya da malamin makaranta, kowa da buhunsa a ƙugu. Gari ya yi wayam. Nafosat-opa ciwon baya ya cece ta. A shekarar ce kuma Tatarawa suka fara komawa ƙasar kakanninsu, Ayder-aka ya sayar da gidansa ya ɗaure kaya. Ana gobe zai tafi ya zo mata sallama da hantsi, ya ce ta warware masa uwa. Ya zauna ya cike kusurwar ƙasa ta dama da ƙaramin rubutunsa, ya sa suna. Ya ce, "Opa, ki gaya wa 'yan audugar nan na kama ɓarawon. Tun makon jiya firjina ke tashi yana kwanciya, ko gezau. Ga kwanonki, ban mayar da shi wofi ba." Ya sa kwamfutarsa cikin bargo ya tafi. Babu wanda ya kwafi kusurwar nan, don babu kowa a gari.

Babu kowa sai Hoshim Nazarovich, shugaban gidan koyar da matasa sana'o'in hannu, inda ake ƙera jiragen wasa da rediyo. Irinsu ba sa zuwa auduga, su ne ke rubuta sunan masu zuwa. Ya iso ƙofarta da kwat da jakar fata, da burodi mai zafi da alewa kamar mai neman aure. Ya ce za a yi baje koli a Tashkent, yana so a ga abin da Fargana ta iya, a ara masa uwa.

Ta ce, "Ga shuɗin kwafi, ɗauki ko nawa kake so. Uwa ba ta fita daga ɗakin nan."

Ya yi murmushi, haƙorin zinare ya haska. "Haba opajon, yayata ta kaina, shuɗi kuma a gaban manya? Ai sai a ce ba mu san daraja ba." Ya gutsuri burodin da ya kawo da kansa. "Shugaban ofishinku ma abokina ne. Ran nan yake ce mini ya rasa yadda takardar injin zane ke saurin ƙarewa. Na ce masa ƙila ɓeraye ne."

Kun ji fa. Mace mai jiran fansho, ita kaɗai a gida. Ta naɗe fallen da hannunta ta miƙa masa, ta ce ya riƙe shi kamar jinjiri.

Mun dawo daga gona hannuwa duk kaushi, ta ba mu labarai biyu a zama ɗaya, na Ayder-aka da na aron. Gena ya yi tsalle don na farko har ya bugi fitila, na biyun kuwa ba mu ɗauke shi komai ba. Aro ne, zai dawo. Muka shiga jira kamar masu jiran ganin wata.

Hoshim Nazarovich kuwa ya dawo da shi, wata Lahadi da rana, muna zaune a ɗakin girkin. An naɗe shi an ɗaure da jan ƙyalle. A ɗaya hannun yana riƙe da takardar yabo mai zanen zinare, ya ɗaga mana ita mu gani. Nafosat-opa ta share tebur, ta kwance ƙyallen, ta warware fallen, ni na danne gefe ɗaya da butar shayi, Gena ya danne ɗayan da tafin hannu.

Fari fat. Layukan tawadarta ne kawai, kamar ranar da ta gama shi. Babu kibiya, babu suna, babu jaki.

Hoshim Nazarovich ya ce, "Kun gani? Ba don ni ba da an yi mana dariya. Yadda kuka bar shi kamar takardar naɗe kifi. Yini guda na yi a kansa da roba, da hannuna, ban bar wa kowa ba. Daga baya na bi shi da tsakiyar burodi don ya yi sheƙi."

Da burodi! Abin da in ka gan shi a ƙasa za ka ɗauka ka sumbata ka ɗora a bisa katanga, shi ya murza ya goge guminmu da shi. Na duba kusurwar ƙasa ta dama. Ya manna wata farar takarda da gam mai kauri, an rubuta sunan gidan sana'arsa da nasa sunan a ƙasa, an buga hatimi.

Gena ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. "Hoshim Nazarovich, ka taɓa riƙe ƙarfen narka dalma kuwa? Ta wane gefe ake riƙe shi, ta mai zafin ko ta mai sanyin?"

"Ni shugabanci nake yi, uka. Kowa da aikinsa."

"To kwamfutar da ka kai Tashkent fa, da wannan farin zanen aka haɗa ta?"

"Wa ya ce an kai kwamfuta? Zane aka ce a kai. An kafa shi a bango, manya sun tsaya a gabansa sun gyaɗa kai."

Sai Nafosat-opa ta jawo kofi. Ta ɗauki buta ta zuba masa shayi, ta yi ta zubawa har kofin ya cika ya tumbatsa. A wurinmu baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa don a yi ta ƙari, ko yaro ya san abin da cikakken kofi ke nufi. Mutumin nan ya ɗauka da yatsu biyu, ya hura, ya shanye, ya ce ta iya shayi. Da zai fita har yana cewa in mun sake yin wani zanen mu tuna da shi.

Da ƙofa ta rufu ta cire tabarau ta ajiye. Ban taɓa ganin idonta tsirara ba sai ranar. Ta ce, "Na ga Ayder-aka fa yana rubutawa. Akwai wani abu kamar tsani, da kibiya mai komawa baya. Amma ni layin da na ja da hannuna shi nake riƙewa. Da na sani da na zauna na kwafe shi tun a ranar."

Na ce, "Opa, wa zai zaci ɗan Adam mai ido biyu zai yi haka?"

Muka kai fallen taga muka karkata shi ga rana ko gurbin fensir zai nuna. Ya nuna kaɗan a wasu wurare. Kusurwar kuwa, da muka turara ta a bakin buta don takardar ta saki, sai ta ɓamɓaro da fatar kalkar gaba ɗaya. Rami ya rage.

Da wata mace ce, da ta zauna ta yi kuka ta haƙura. Ita washegari ta ɗaura ɗankwali ta ce mu tashi. Shuɗin kwafin da ke hannun mutane yawanci asid ya ci ko an naɗe tsaba da shi, amma ta ce duk gyaran da aka taɓa yi yana nan a bayan allon wani, siririyar waya ce da aka ɗinka da dalma daga nan zuwa can. Haka muka bi gidaje duk tsawon hunturun nan, Asabar da Lahadi, a motar haya da ƙafa, har Margilan. A kwance kwamfutar mutum a kifa ta a kan tebur kamar kunkuru, Gena yana bin waya da tsinken ashana yana faɗa, ita tana zanawa. Matan gida wasu su kawo shinkafa da karas da naman rago, wasu su tsaya a ƙofa suna tambayar yaushe za a sakar musu talabijin. An yi rigima kan wa ya fara gano me. Ta ce duk wanda ya ɗaga mata murya za ta rubuta sunan surukarsa a wurin. Wannan karon da tawada ta sa komai, kuma tun daga nan ko gwamna ne ya zo uwa ba ta ƙara tsallake bakin ƙofarta ba.

Kafin bishiyoyi su yi fure zanen ya dawo, ban da kusurwa. Ta manna sabon yankin kalka a kan ramin ta bar shi fari. Gena ya gwada tsani da kibiya iri-iri, firji na tashi kwamfuta na mantawa. Muka koma cire wa firji wuta duk lokacin da za a ɗora kaset. Sau nawa aka manta ba a mayar ba, nama ya lalace, aka kwana ba a magana a gida? Duk wannan a wuyan mutum ɗaya yake, shi kuwa a shekarar aka ƙara masa girma, aka ba shi ofis mai labule.

Ayder-aka bai bar adireshi ba, don ba shi da shi. Waɗanda suka koma a lokacin fili kawai suka tarar, suka kafa tanti suna gini da dutse. Nafosat-opa ta tare duk wanda ta ji zai bi ta can, direba ne ko mai rakiyar kaya, ta ce ya tambaya mata. Shiru. Sai a wata bazara da masaƙa ta daina biyan albashi, Gena ya bi danginsa noman albasa a wajen Kirimiya. Kafin ya tafi ta ba shi fensir sabo fil da yankin kalka, ta ce kada ya dawo mata sai da kusurwarta.

Ya dawo da kaka, ya yi baƙi ya rame, bai ko sauke jaka a gida ba ya hawo benenmu. Ya sami Ayder-aka. Ya ce ya tarar da dattijon a kan tsani yana jera dutse, gidan bai kai ga rufi ba. Kwamfutar kuwa ruwan sama ya shiga tanti tun hunturun farko ya cinye ta, jikokinsa sun ɓalle maɓallanta suna wasa.

Nafosat-opa ta ce, "To gyaran fa? Ka ba shi fensirin?"

Gena ya ce ya ba shi. Ya ce dattijon ya sauko ya zauna a kan dutse, ya ɗora kalkar a gwiwa, ya ja layi biyu ya tsaya. Ya goge, ya sake ja, ya sake tsayawa. Ya daɗe yana kallon takardar. Daga nan ya miƙo masa fensirin ya ce, "Ya fita, uka. Tun da na rubuta shi na sauke shi daga kaina, na cika gurbin da siminti da katako. Amma me ya kawo ka har nan saboda shi? Ai yana jikin zanen opa, kusurwar ƙasa ta dama. Ku je ku duba, na rubuta shi dalla-dalla."

Na ce, "Ka gaya masa?"

Gena ya girgiza kai. Ya ce mutumin da ke gina gida da hannu ɗaya yana kore ruwan sama da ɗayan, bai ga ta inda zai fara ba. Ya dai ce masa to, za mu duba.

Nafosat-opa ta karɓi yankin kalkar mai layi biyu, ta ɗaga shi ga haske ta jujjuya. Ta ɗauko uwa daga saman kabad, ta warware, ta dace shi da farar kusurwar, ta kwafe layukan nan biyu da fensir, ta rubuta Ayder a gefe.